Wasiƙun Da Lauyana Ya Rubuta Da Sunana

Wadda ta rubuto min a ƙasan rubutun makon jiya tana cewa in gode wa Allah in yi shiru, wai mace mai shekara arba'in da bakwai ba ta zaɓen miji, na ga saƙonki kuma ban goge shi ba. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki sake ba ni shawara idan bakinki bai mutu ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Wiesława, a gida Wiesia. Shekara goma sha tara na yi ina aikin kashiya a wani kantin kayan abinci a nan garin Jarosław. Da aka yi dokar hana buɗe kantuna ranar Lahadi, an bar wa gidajen waya damar buɗewa. Sai mai kantinmu, Pan Kuźniar (Pan shi ne Malam a yarenmu, Pani kuma Malama), ya kafa wata 'yar kanta kusa da firjin madara, ya ɗora ƙunshin saƙonni uku a kai, ya manna takarda a ƙofa cewa daga yau mu ma gidan waya ne. Gidan waya mai sayar da tsiran alade da giya! Na ce masa wannan ƙarya ce, kuma ba zan zauna a kan ƙarya ranar Ubangiji ba. Lahadi huɗu na ƙi zuwa. Litinin ɗin da ta biyo baya ya miƙo min takardar sallama.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Ina da shekara goma sha shida na bar makaranta saboda jinyar Baba, jinyar da ta cinye ƙuruciyata da samarina gaba ɗaya. Amma dokar ƙwadago na karance ta daga bango zuwa bango, da fensir a hannu, a teburin kicin. Don haka da Gidauniyar Garkuwar Iyali ta aiko min da lauya kyauta, na san irin aikinsu. Sukan nemo mutum irina, su kai maganarsa kotu, su yi ta hawa da ita mataki-mataki har ta kai inda za a taɓa doka. Na yarda da abin da suke nema, kuma har gobe na yarda. Kada wata ta zo nan tana tafi tana cewa Wiesia ta sauya sheƙa. Lahadi ranar coci ce da hutu da cin abinci a teburi ɗaya da iyali. Ban canza ba.

Lauyan da suka aiko shi ne Lucjan. Shekararsa hamsin da huɗu, matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Dogo ne, da furfura a gefen kunne, irin mazan da har yanzu suke sunkuyawa su sumbaci bayan hannun mace. Watanni yana kirana Pani Wiesława, ina kiransa Pan Mecenas kamar yadda ake kiran kowane lauya. Ranar Ista, a bakin coci, ya nemi izini ya riƙa ce min Wiesia. Na ba shi. Daga nan abin da kuka sani ya faru, aka tsayar cewa Lahadin nan zai zo gidan Mama da zoben neman aure.

Wata goma sha huɗu ke nan ina zaune babu aiki, a ɗaki biyu, hawa na uku, ni da Mama da agogon bango. Wanda bai taɓa tashi ƙarfe biyar na asuba shekara goma sha tara ba, sannan rana ɗaya a ce masa babu inda za shi, ba zai gane ba. Na goge kofunan gilashin da ke cikin kabad har sun fara tsorona. Ni dai abin da nake so tun ranar farko guda ɗaya ne, kuma na faɗa wa Lucjan da bakina: a mayar da ni kujerata, ban da Lahadi.

Ranar Laraba da safe ƙanwata Bożena ta zo da rigar da ta ɗinko min. Shuɗiya ce mai duhu, da farar kwala mai leshi, maɓallai tun daga cibiya har maƙogwaro.

"Tsaya mana! Sai motsi kike kamar an ɗaure akuya," in ji ta, allurai a bakinta. "Mama, dubi. Matar lauya sak."

Mama ta ɗago daga kwanon da take cuɗa ƙullu, ta sauke tabarau. "Allah na gode maka. Da babanki yana nan."

"Na fito kamar mai karanta sanarwar rasuwa," na ce.

"Ke dai ba ki iya godiya ba. So kike ki tarbe shi da jar jaket ɗin nan taki kamar mai tallan taya?"

Jar jaket ɗin tana da tarihi. Ranar da Gidauniya ta ɗauke ni hoton da kuke gani a jikin takardun neman sa hannu, da ita na je. Suka ce in cire. Suka ba ni wata tokar suwaita, suka goge min jan baki, suka ce in fito da carbina in riƙe a ƙirji in kalli taga. Ni da carbin nan mun shekara talatin tare, bai taɓa ganin kyamara ba sai ranar. Na yi yadda suka ce, na ce don Lahadi ne.

Wayata ta yi ƙara a kan firji. Bożena ta riga ni kai hannu, ta karanta da ƙarfi tana lanƙwasa murya:

"*Barka da safiya, jarumata. An ɗaga zaman kotu zuwa Oktoba. Kada ki damu, lokaci yana tare da mu. Lahadi ƙarfe ɗaya. Ki sumbaci hannun Mama a madadina.* Har da hoton fure! Yesu da Maryamu, ni nawa mijin saƙon da ya turo min na ƙarshe cewa ya yi in sayo batir."

Suka yi ta dariya. Ni kuwa kalmar Oktoba na tsaya kallo. Ɗagawa ta huɗu ke nan.

Na cire rigar, na sa jar jaket ɗin da gangan, na tafi kasuwa sayen kazar miyar Lahadi. A wurin mai ƙwai na ji an ja hannuna. Grażyna ce, wadda muka yi shekara goma sha biyu kujerarta na kusa da tawa a kanti. Taba a hannu kamar kullum, gashin nan an rina shi ja har ya gaji.

Ba ta gaishe ni ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Manya! An zama ta jarida, an fi ƙarfin kujerar kashiya."

"Ke kuma wace irin gaisuwa ce wannan?"

"To me zan ce? Sau uku mutum yana roƙonki ki dawo, kina aiko masa da wa'azi. In ba kya so ki ce ba kya so mana, Wiesia. Sai an haɗa da zagi?"

Na ajiye kwandona a ƙasa. "Wa ya roƙe ni?"

Ta zare tabar daga baki a hankali. "Kuźniar mana. Nuwamba, Fabrairu, da farkon watan nan. Kujerarki, lokacinki na da, shekarunki duk a lissafa miki, kuma babu Lahadi ko ɗaya, a rubuce. Tsofaffin unguwa sun ƙaurace masa tun da aka manna hotonki a ƙofar coci, 'yan matan da yake ɗauka ba sa wata uku, kotu kuma ta ishe shi." Ta ƙura min ido. "Kar ki ce min ba ki sani ba."

"Me ya hana shi kirana? Lambata ta canza ne?"

"Lauyansa ya hana. Wai tunda kina da lauya, ba a magana da ke sai ta hannunsa. Tsaya ki gani."

Ta laluba wayarta ta miƙo min. Ta ce Kuźniar ne ya jefar da takardar a teburin ɗakin shan shayi yana zage-zage, ita kuma ta ɗauki hoto. Na ƙara girman rubutun da yatsa. Tambarin Gidauniya a sama, sa hannun Lucjan a ƙasa, wanda na sani kamar nawa. A tsakiya:

*Wadda nake wakilta ta umarce ni in sanar da ku cewa lamirinta ba na sayarwa ba ne, kuma ba ta da sha'awar komawa wannan aiki bisa kowane sharaɗi.*

Ta umarce ni. Sau uku na karanta wannan wurin. Ranar da aka rubuta takardar, goma sha ɗaya ga Fabrairu, na tuna ta sarai, domin ranar ya kai ni shan shayi da kek, ya riƙe hannuna ya ce in ƙara haƙuri, mutanen nan zuciyarsu dutse ce, ko amsa wasiƙa ba sa yi.

"Na ƙarshen zai ƙare Juma'a ƙarfe goma sha biyu na rana," in ji Grażyna, muryarta ta sauko. "Bayan nan zai ba 'yar ƙanwar matarsa kujerar dindindin. Ke, lafiya? Zauna a kan akwatin nan kar ki faɗi a kan ƙwan mutane."

Ban faɗi ba. Na sayi kazar ma, don an aike ni.

Ranar Alhamis na hau motar safe zuwa birnin Rzeszów ban gaya wa kowa ba. Ofishin Gidauniya yana hawa na biyu a wani tsohon gini kusa da kotu. Kana buɗe ƙofa abin da za ka fara gani ni ce: hotona, tsayinsa ya fi ni, da tokar suwaita da carbi, ina kallon taga kamar wadda aka yi wa mutuwa. A ƙasa an rubuta maganar da ban taɓa faɗa ba.

Lucjan ya taso da fara'a, hannu biyu a buɗe. "Wiesia! Wace iska ce..."

Ya kamo hannuna zai kai baki, na janye.

"Pan Mecenas, zama za mu yi."

Da ya ji sunan da na kira shi, ya rufe ƙofa. Na ajiye wayata a kan teburinsa da hoton a buɗe. Ya duba, bai ɗauka ba. Abin da ya fara ba ni ƙyama shi ne ko ja fuskarsa ba ta yi ba. Ya zauna, ya haɗa yatsu, ya yi irin numfashin da likita yake yi kafin ya yi wa ɗan ƙauye bayani.

"Na so in gaya miki bayan Lahadi."

"Bayan Juma'a kake nufi."

"Ki saurare ni. Sulhu kashe shari'a yake yi. Ranar da kika sa hannu kika koma, alƙali zai rufe fayil, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Kuźniar ya sani, lauyansa ya sani, shi ya sa suke lallashi. Ba ke suke so ba, hukuncin suke gudu. Mu kuwa hukunci muke nema, wanda za a ɗauka a kai majalisa a ce ga shi, ku toshe wannan ƙofa. Mata dubu nawa ne suke zaune a kan injin kuɗi kowace Lahadi a gidajen wayan ƙarya? Ƙawarki da ta ba ki hoton nan tana cikinsu."

"Na sani. Kada ka koya min abin da aka kore ni a kansa."

"To kin gani."

"Abin da na gani shi ne an rubuta *ta umarce ni*. Yaushe na umarce ka?"

"Salon rubutun lauyoyi ne. Kin sa hannu a takardar wakilci."

"Na karanta ta kafin in sa hannu, har da ƙananan rubutun. Ta ba ka ikon yin magana a madadina. Ba ta ba ka ikon ɓoye min abin da aka ce a faɗa min ba. Wannan ko a littafinku laifi ne, ka fi ni sani."

Ya yi murmushi, irin na wanda yaro ya burge. "Da kin yi makaranta da kin fi ni."

"Da na yi makaranta da na iya ƙarya da tambari."

Nan murmushin ya tafi. Ya tashi ya je taga, ya ba ni baya.

"Kin san shekara nawa muka yi muna neman mai ƙara irinki? Biyu. An kawo mana mata goma sha ɗaya. Wannan ta rabu da miji, waccan tana sha, wata ɗanta yana kurkuku, wata ta taɓa rubuta shirme a intanet. Lauyoyin can ɓangaren da 'yan jarida za su yayyaga su cikin mako guda. Sai ga ki. Shekara goma sha tara babu makara ko ɗaya, kin yi jinyar uba, kina riƙe da uwa, Fada na cocinku ya ba da shaida, maƙwabta sun ba da shaida. Babu tabo. Irinki ba a samu sau biyu."

"Maƙwabta? Kun bi unguwa kuna tambaya a kaina?"

"Haka ake yi wa kowa."

"Kafin ka zo gidanmu ranar farko da furanni?"

"Wiesia, kada ki haɗa abin da bai haɗu ba." Ya juyo. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na rantse muku ba na wasa ba ne. "Fayil na fara karantawa, gaskiya ne. Amma ba fayil nake so in aura ba. Shekara shida ban ji sha'awar komawa gida da yamma ba sai da na san ki. Kuma ki duba, me za ki koma yi a can? Ki yi ta ɗaga buhun dankali kina jin warin bakin mashaya? Nan da kaka kina gidana. Ba sai kin sake yin aiki ba har abada."

"Na ce maka na gaji da aiki ne?"

Ya koma kujerarsa ya zauna.

Bari in gaya muku abin da ya fi ci min rai, ku da kuke karantawa, don na kwana ina juya shi. Da a watan Nuwamba mutumin nan ya zaunar da ni ya ce, Wiesia, ga tayi ya zo, ga kuma abin da za a rasa idan kika karɓa, ya kika gani? Wataƙila da na ce a ci gaba. Ina jin ma da na ce. Ni ce fa na ƙi zuwa Lahadi huɗu babu lauya babu kyamara. Amma bai tambaye ni ba, don yana tsoron amsar. Ya rubuta wa duniya cewa lamirina ba na sayarwa ba ne, alhali ya ɗauke shi ya sa a aljihunsa yana amfani da shi ba da sanina ba. Mutanen da suke yawo gari-gari suna cewa a girmama lamirin ɗan Adam!

"Ba ni takardar tayin," na ce.

"Idan kika sa hannu, ni zan amsa tambaya a hedkwatarmu ta Warszawa. Shekara biyu na aiki. Mutane dubu arba'in sun sa hannu a ƙarƙashin hotonki, tsofaffi suna aiko da abin da suka rage daga fanshonsu. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu na umarce ka."

Ya buɗe aljihun tebur ya fito da ita, shafi biyu, ya ajiye amma bai ɗage yatsunsa daga kai ba. "Ki yi tunani har gobe. Idan abin ya lalace, ban san da wace fuska zan zo gidanku Lahadi ba."

Na zare takardar daga ƙarƙashin yatsunsa. A hanyar fita na wuce ta gaban hotona ban kalle shi ba.

Na iso gida da la'asar na tarar an baza farin mayafin teburin da ba a fito da shi sai Kirsimeti, Bożena tana guga, Mama tana jera cokulan azurfa. Ban cire takalmi ba na faɗa musu komai, daga mai ƙwai har ofis.

Bożena ta kife dutsen guga. "To sai me? Ke yanzu saboda kujerar kanti za ki watsar da lauya? Kin san mata nawa ne a cocinmu suke sa turare saboda shi? Namiji ya ɓoye miki takarda, ba mace ya ɓoye miki ba!"

"Ƙarya ya yi da sunana."

"Duk maza suna ƙarya, Yaya. Naki aƙalla da kyakkyawan rubutu yake yi."

Na juya wurin Mama, don ita ce ta koya min cewa ko tsinken ashana ba a ɗauka a gidan mutane. Na ga tana ta goge cokali ɗaya, ba ta ɗago ba.

"Mama?"

"Yaron nan yana da hankali," in ji ta a hankali. "Ya zo nan a watan Fabrairu kina wurin likitan haƙori. Ya zauna a kujerar can, ya yi min bayani."

Na ji kamar an zuba min ruwan wanke-wanke a ka. "Kin sani? Wata huɗu kina kallona ina zagaye ɗakin nan kamar mahaukaciya, kin sani?"

Ta ajiye cokalin da ƙarfi. "Na sani! Shekarata saba'in da tara, Wiesława. In na mutu wa zai zauna da ke? Injin kuɗi? Na cinye miki ƙuruciya ni da babanki, kina jin ban sani ba? Allah ya kawo mutum har gida, in bar ki ki koma wa Kuźniar ki tsufa a bakin firji? Na yi shiru, kuma in an sake zan sake."

"Kin je kin faɗa wa Fada wannan a wurin ikirari?"

"Kar ki yi min rashin kunya a gidana."

Na shiga ɗaki na tarar da shuɗiyar rigar a rataye a jikin ƙofar kabad, an goge ta, maɓallan nan a jere har wuya. Na juya ta ta kalli bango. Saƙonni uku suka shigo daga Lucjan kafin a kira ni cin abinci. *Ki yafe min yadda na yi magana.* Sai kuma: *Ki tuna da sauran matan.* Na ukun: *Ina yi miki addu'a.* Ban amsa ko ɗaya ba. Wanda ya yi maka ƙarya sannan ya ce yana yi maka addu'a, ban san me yake faɗa wa Allah a kanka ba.

Ranar Juma'a na tashi ƙarfe biyar kamar da. Na zauna a teburin kicin na rubuta da hannuna cewa daga yau na janye wakilcin da na ba Lucjan da Gidauniyarsa, kwafi biyu, ɗaya nasu ɗaya na kotu. Layi huɗu ne kawai, babu kalmar da ba tawa ba. Ƙarfe takwas ina gidan waya, na gaske, na aika su da rajista na karɓi rasit. Mama tana tsaye a taga lokacin da na fita, ba ta ce a dawo lafiya ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na shiga kanti. Warin wurin bai canza ba, burodi da sabulun wanke ƙasa. 'Yar kantar saƙonnin tana nan kusa da firjin madara, ƙura ta rufe ta. Grażyna ta hango ni daga kujerarta ta ɗaga gira, ta nuna min ƙofar baya da haɓa.

Pan Kuźniar ya ƙara ƙiba. Ya miƙe da ƙyar, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Pani Wiesia. Na ɗauka wani wa'azin za a sake aiko min."

"Ban taɓa aiko maka da komai ba. Ina biro?"

Na karanta shafi biyun a gabansa, layi-layi, da yatsa, yana ta duban agogo. Babu tarko. Na ɗago na ce, "Kantar can har yanzu ƙarya ce."

"Na sani. Ƙaryata ce, ni zan amsa ta. Ke dai Litinin ƙarfe shida."

Ku duba inda duniya ta kai ni. Mutumin da ya kore ni, mai sayar da giya da sunan gidan waya, shi ne ya kalli idona ya kira ƙaryarsa da sunanta. Na sa hannu. Ban ji daɗi ba, kada ku ɗauka na ji. Jibi Grażyna za ta zauna a kujerarta tun safe har yamma, ni ina coci, kuma shari'ar da wataƙila za ta tashe ta daga nan ni na rufe ta da hannuna. Wannan nauyin nawa ne, zan ɗauka. Amma ni na zaɓa.

Ina fitowa bakin titi wayata ta yi ƙara. Shi ne. Na bari ta kusa yankewa sannan na ɗauka.

"Kin sa hannu?"

"Na sa. Na kuma janye wakilci, takarda tana hanya."

Ina jin numfashinsa, ina jin wata mota tana wucewa ta can ɓangarensa. Na tsaya ina jiran ya ce to Allah ya haɗa kowa da rabonsa, har na shirya amsar da zan ba shi.

"Lahadi har yanzu ƙarfe ɗaya ne?" in ji shi.

Zan faɗa muku gaskiya tunda don ita nake rubutun nan. Zuciyata ta yi tsalle. Mace mai furfura, a tsaye a bakin titi da rasit ɗin gidan waya a aljihu, bayan duk abin da na gani da idona, zuciyata ta yi tsalle kamar ta 'yar makaranta. A duk makon nan babu abin da ya ba ni ƙyama kamar wannan.

Na dafe ƙarfen fitilar titi na daidaita muryata.

"In za ka zo, ka bar zoben a mota tukuna. Ka shigo da wasiƙu ukun da ka rubuta da sunana. Za ka tsaya a gaban teburi ka karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ni da Mama da Bożena muna ji. In ka gama, sai mu ga ko akwai sauran magana."

Na duba wayar ko ta yanke.

"Wiesia," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Ba uku ba ne. Huɗu ne. Ta huɗun ba Kuźniar na aika wa ba. Kotu na aika wa, na ce ke kike neman a ɗaga zaman."